Tafiyarmu Yamai saboda zazzaɓin Auta

Mu huɗu ne muka yi wannan tafiya daga Maraɗi: shugabar ƙungiyarmu, da ma'ajiya, da mai riƙe littafi, da wata ƴar ƙungiya mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Na biyar ɗinmu ɗanta ne, yaro ɗan shekara huɗu da duk unguwa ke kira Auta. Domin shi muka tashi.

A littafin bashi maganar ta fara. Ranar rabon ƙarshen shekara, da aka zo lissafi, sai muka ga uwar Auta ta ci bashi sau biyar, kuma ko sau ɗaya kuɗin bai shiga gyaɗa ba. Duk gidan likita ya tafi. Yaron zai yi zazzaɓi, ya yi ta kukan ƙafa da ciki, a ba shi maganin masassara, ya samu sauƙi, bayan wata ɗaya ko biyu abin ya dawo. Kafin shi ta binne yara biyu, dukansu ba su kai yaye ba. A gidan mijinta sunanta mai wabi. Uwar mijin ta ce nononta ne marar kyau, wata kishiyar sauri a dangin kuma ta ce jinin gidansu ne haka. An kai yaron wurin wanzami an yi masa tsaga a ciki, an yi turare, an sha rubutu. Majo na ƙaramin asibitin unguwarmu ne ya dubi idon yaron da ya yi ɗorawa, ya tambayi ko hannuwansa sun taɓa kumbura yana jariri. Uwar ta ce ƙwarai kuwa, tun yana wata bakwai. Ya sa aka yi gwajin jini, ya ce yana zaton emasi ce, wato amosanin jini, wadda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira sikila. Ya rubuta takarda zuwa cibiyar ƙasa mai kula da wannan cuta a Yamai.

Sai da muka yi zama biyu kafin ƙungiya ta yarda a cire kuɗin mota daga asusun taimako. Wasu suka ce in an buɗe wannan ƙofa, gobe kowa zai kawo ciwonsa. Maganarsu ba ta banza ba ce. Abin da ya raba gardama shi ne da shugaba ta ce duk wadda a danginta akwai yaro mai irin wannan zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, ta ɗaga hannu. Hannuwan da suka tashi sun fi ƙarfin a ce matsalar mutum ɗaya ce. Aka ce to a je, amma a je da littafi da biro, a dawo wa kowa da abin da aka jiyo.

Tun kafin asalatu kar ɗinmu ta bar tasha, cikin tsakiyar hunturu. Wadda ba ta taɓa bin hanyar ba, ta sani tafiyar ta haura kilomita 600, yini guda cur. Tibiri da Gidan Rumji cikin duhu muka wuce su. Gari ya waye mana wajen Madawa. A Galmi warin albasa ya riga garin shigowa cikin mota, ga buhuna jere bakin hanya, ma'ajiya har tana lissafin ribar da za ta ci da a ce komawa gida muke. Muka wuce Malbaza da ƙurar simintinta, muka tsaya Birnin Ƙonni aka ci abinci, masu canjin naira da sefa suna ta zagaya mu. Daga nan sai jajayen duwatsun Dogon Dutse, sai Doso, inda Zabarmanci ya fara rinjayar Hausa a bakin masu talla. An ce mana mu zuba ido wajen Kure ko ma ga raƙuman dawa. Ba mu ga ko ɗaya ba, barci ya kwashe mu.

Akwai abu biyu da muka yi a hanyar nan waɗanda sai daga baya muka gane kuskure ne, kuma mu huɗun duka muna da hannu. Na farko, uwar Auta ta hana shi ruwa tun safe don kada ya dame mu da fitsari, tunda direba ba ya tsayawa don yaro. Mu ma muka ce dabara ce. Na biyu, tagar da ke kusa da mu ba ta rufuwa sosai, iskar asuba ta yi ta dukan yaron, rigarsa ɗaya da ɗan zane. Da dare, a gidan ƴar uwar shugaba da ta sauke mu a unguwar Bukoki, Auta ya fara kukan gwiwa. Muka kwana muna gasa masa ƙafa da tsumma mai ɗumi, uwar tana cewa, “Na shiga uku, mun kawo shi neman lahiya mun ƙara mishi ciwo.”

Da safe muka isa cibiyar. An buɗe ta a 2010 da taimakon ƙasar Monako, kuma aikinta ke nan, wannan cuta kaɗai. Abin da ya fara kama mu shi ne bencin jira. Ga Bazabarma, ga Bafillatana, ga Buzuwa da ta taso tun daga arewa, ga mace mai takalmin ofis da jaka mai tsada, kowacce da yaro siriri mai idanu rawaya-rawaya. Uwar Auta ta daɗe tana kallonsu. Shekara da shekaru ana gaya mata ita ce mai baƙin jini, sai ga ta cikin mata fiye da yadda za ta ƙirga, kuma babu wadda ta yi kama da wadda aka yi wa baki.

Aka duba Auta, aka ba shi maganin ciwo, aka ce a yi ta ba shi ruwa, aka ɗebi jini. A nan muka koyi cewa gwajin iri biyu ne. Wanda aka yi masa a gida, gwajin Emmel, yana nuna akwai alamar S a jini ne kawai, ba ya bambance mai ɗauke da ita da mai ciwon. Wanda ke faɗin gaskiyar magana shi ne elektroforez, shi ke cewa mutum AA ne, ko AS, ko SS, ko SC. Na Auta ya fito SS.

Wata ma'aikaciyar jinya mai jin Hausa ta zaunar da mu tare da wasu iyaye. Bayaninta ga shi kamar yadda mai littafinmu ta rubuta. Jajayen ƙwayoyin jini na mai lafiya zagayayyu ne masu laushi, suna lanƙwasa su wuce ta ƙananan jijiyoyi, kuma kowacce tana yin kwana wajen 120. Na mai emasi kuwa, in jiki ya rasa ruwa, ko sanyi ya kama shi, ko zazzaɓi, ko gajiya mai yawa, sai su tanƙware kamar lauje, su yi tauri, su cushe hanya kamar yadda ƙaiƙayi ke toshe mazurari. Inda jini bai kai ba, nan ciwo ke tashi. Ga shi kuma ba su daɗewa, kwana 10 zuwa 20 sun mutu, shi ya sa kullum yaron cikin ƙarancin jini yake, idonsa kuma ya yi kamar mai shawara. Jariri ba ya nuna komai a watannin farko domin jinin da ya fito da shi daga ciki yana kare shi, sai wajen wata biyar ko shida abin ke fara bayyana, sau da yawa da kumburin hannu da ƙafa. Da ta zo kan ruwa da sanyi, mu huɗun muka dubi juna, babu wadda ta ce uffan.

Maganar gado ita ce ta fi ɗaukar lokaci, domin nan ne zuciyar kowace uwa take. Yaro ba ya zama SS sai ya ɗauko S guda daga uwa, guda daga uba. Uwa ita kaɗai ba ta iya ba shi. Mai AS lafiyarsa lau, yana noma yana daka, yawanci bai ma san yana ɗauke da komai ba. Hasali ma AS na ba yaro wata kariya daga masassara mai tsanani, abin da ya sa alamar ta yawaita a ƙasashenmu masu sauro. Likitocin Nijar na ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da ita. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo huɗu: ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS. Wata mata ta ce, to ita ta haifi mai ciwo guda, ke nan uku masu zuwa sun tsira? Aka ce a'a. Mu muka fahimce shi da ƙwaryar ƙuri'a ta adashe: a sa wake huɗu, ɗaya baƙi, a rufe ido a ɗauka, sannan a mayar da shi cikin ƙwarya kafin a sake ɗauka. Wata za ta ɗauki baƙin sau uku a jere, wata ta haifi takwas ba ta taɓa shi ba.

Uwar Auta ta ce, “Ke nan Malam ma yana da shi?” Aka ce mata ba shakka. Ta yi shiru, sannan ta ce a rubuta mata wannan a takarda, da hatimi.

Sai zazzaɓin kansa, wanda shi ya kawo mu. Mu a wurinmu duk zafin jiki masassara ce, palu ce, a sayi ƙwaya a tebur a jira gobe. Ga yaro mai emasi wannan jiran shi ke kisa. Dalili kuwa saifa. Ita ce ke tace ƙwayoyin cuta daga jini, kuma a wurin waɗannan yara tana lalacewa tun suna ƙanana. Cutar da wani yaro zai yi kwana uku yana fama da ita ya tashi, shi tana iya gama da shi tsakanin magariba da asuba. Saboda haka in ma'aunin zafi ya nuna 38,5 ko fiye, asibiti ake nufa a lokacin, ko tsakar dare ne, kuma a faɗa wa wanda aka tarar tun daga bakin ƙofa cewa yaron SS ne. A gwada masassara, amma ko gwajin ya nuna babu ita, ba a koma gida da parasetamol kawai. Tafin hannun uwa a goshi ba ma'auni ba ne. Mun yi gardama a kan wannan, domin kowaccenmu tana ganin hannunta ya san jikin ɗanta, amma hannu bai san bambancin 38 da 39 ba.

An nuna wa uwar Auta yadda za ta taɓa saifar da kanta. Yaro ya kwanta rigingine, ta sa yatsu a gefen hagu na ciki, ta taho a hankali daga ƙasa zuwa ƙarƙashin haƙarƙari, ta san inda bakin saifar yake a ranar da yake lafiya. Wani lokaci jini kan taru a cikinta farat ɗaya, ta kumbura, yaron ya yi fari fat a tafin hannu da leɓe da cikin fatar ido, ya yi laushi. Wannan ƙarin jini yake so cikin gaggawa. A ƙasar Jamaika, inda aka bi yara masu wannan ciwo tun daga haihuwa daga shekarar 1973, koya wa uwaye wannan taɓawa ya rage mutuwar da kumburin saifa ke jawowa ƙwarai da gaske. Da uwar Auta ta ɗaga rigarsa, tabon tsagar wanzami yana daidai wurin. Wanzamin ya gane inda ciwon yake, sai dai ya zubar da jinin da yaron ba shi da shi. Sauran alamun da ba a kwana da su a gida: numfashi da ƙyar ko ciwon ƙirji, hannu ko ƙafa su saki, baki ya karkace, magana ta sarƙe, ciwon da maganin gida bai kwantar ba, da kuma, ga yara maza, gaba ya miƙe da zafi ya ƙi kwanciya. Wannan na ƙarshe kunya ke sa a ɓoye shi, kuma ɓoyewar na iya nakasa yaro.

Na yau da kullum kuwa ba shi da wuyar faɗi. Ruwa mai tsabta a kai a kai, har a makaranta. Rigar sanyi da safa a hunturu, wanka da ruwan ɗumi, kada ruwan sama ya dake shi ya zauna da jiƙaƙƙun kaya. Gidan sauro kowane dare, da maganin rigakafin masassara da ake rabawa gida-gida da damina, da cika allurar rigakafi duka. Ƙwayar folik asid, da penisilin safe da yamma har ya kai shekara biyar, wadda wani bincike a Amurka ya nuna tun 1986 cewa tana hana mafi yawan muguwar cutar jini da ke kashe su. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, irin wanda ake ba masu ciki, ba a ba shi sai lokotoro ya ce. Akwai kuma magani mai suna hidroksiyuriya da ke rage yawan tashin ciwon. An gwada shi a kan yara a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda, sakamakon ya fito a 2019 da kyau. Shi sai da bin likita da gwajin jini lokaci-lokaci. Ma'ajiya ta tambayi kuɗinsa a farmasi, ta dawo tana girgiza kai. A ganinmu nan ne gizo ke saƙar. Faɗa wa uwa abin da za ta yi abu ne mai sauƙi, amma mai ƙuli-ƙuli da ribarta ta yini ba ta wuce ta cefane ba, ilimi kaɗai ba ya saya mata ordonans. Tun 2006 doka ta ce yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ake duba su, amma dukanmu mun san ranar da ake cewa magani ya ƙare, a je waje a saya. Auta kuma saura shekara ɗaya ya fita daga wannan layi.

Da yamma ɗiyar mai masaukinmu, wadda ke karatun likita a jami'ar Abdu Mumuni, ta raka mu gadar Kennedy mu ga kogin Kwara. Mu mutanen Gulbin Maraɗi da ke ƙafewa da rani, mun daɗe tsaye muna kallon ruwa da kwale-kwale. A nan ta ba mu labarin wata cutar gado daban da suka karanta, wadda ta fi yawa a Turkiyya, Armeniya, Masar da maƙwabtansu. Yaro zai yi zazzaɓi da ciwon ciki na kwana 1 zuwa 3, ya warke sarai, ya sake. Har akan yi wa wasu tiyata bisa kuskure. Maganinta ƙwaya ce mai suna kolshisin da ake sha kullum har abada, in aka yi sakaci kuma ƙoda ke lalacewa. Ta ce can ma abin da ke taimakon likita ya gane ta shi ne uwar da ta riƙe lissafin ranakun zazzaɓin, ta kuma san wa ya taɓa yin irinsa a dangi. Mai littafinmu ta ce ai wannan aikinmu ne, mu da muke rubuta zubin dala ashirin ba mu ɓata ba.

A kan gadar ne kuma gardama ta tashi tsakaninmu. Shugaba tana da ɗiya da aka yi wa baiko da ɗan wanta. Ma'ajiya ta ce mata, “Hajiya, kin ji da kunnenki. Ki sa a auna su kahin a ɗaura.” Shugaba ta ce, “In ya hito AS da AS fa? In ce ma yayana mi? Zumuncin shekara hamsin ya watse a kan takarda?” Ma'ajiya ta ce takarda ba ta raba aure, sani kawai take bayarwa, kuma ko bare ne aka aura ana iya haɗuwa da S, tunda ta cika gari. Shugaba ta ce faɗi da baki ba wuya. Uwar Auta ba ta sa musu baki ba sai can ta ce, “Ni da an gwada ni, ko da zan aure shi, da na san abin da ya kashe min biyun farko.” Har muka koma Bukoki ba wadda ta ƙara magana.

A dawowa Auta ya sha ruwa har ya gaji, cikin rigar sanyin da muka saya masa a kasuwar Katako. Sau uku muka sa direba ya tsaya. Ya yi ta mita, shugaba ta ce masa in yana da ɗa ya yi shiru.

Ga abin da ƙungiyarmu ta yi tun daga nan, ko wata ƙungiya za ta ga na ɗauka. Mun sayi ma'aunin zafi guda biyu, mun koya wa kowa karanta shi, har waɗanda ba su yi lakwal ba, domin an ja jan layi a takarda daidai lambar da ake tashi. Uwar Auta tana da ƙaramin littafi, ɗiyarta ta aji biyar ke rubuta mata ranar da zazzaɓi ya zo, da inda ya yi ciwo, da abin da aka ba shi. Mun ƙara dala biyar a kan zubin kowane mako don yara masu wannan ciwo. Nan muka ci karo da wata matsala da ba mu taɓa tunani ba. Akwatinmu, kamar na kowace ƙungiya tun da aka fara Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi a 1991, kwado uku gare shi, makullan kuma suna hannun mata uku a gidaje uku. Ƙarfe biyun dare ba a tara mata uku. Sai muka ware jikka goma a gwangwani dabam, a hannun wadda gidanta ya fi kusa da masu kabu-kabu, ana ƙirga shi gaban kowa ranar zubi. Sau biyu ke nan ana buɗe shi da dare. Kuma ba sai kowa ta je Yamai ba, a fara tambayar majo ko babban asibitin jaha inda ake yin elektroforez mafi kusa.

Mahaifin Auta ya riƙe takardar mai hatimi kwana da kwanaki bai ce komai ba. Daga baya ya tafi shi kaɗai aka auna shi, ya fito AS, kuma shi da bakinsa ya gaya wa tsohuwarsa. Ba ta ba surukarta haƙuri ba, amma yanzu ita ke bin Auta da kofin ruwa tana faɗa in ya ƙi sha. Mun sa ranar 19 ga Yuni, ranar da duniya ta ware wa wannan cuta, mu gayyaci majo ya yi wa ƙungiyoyin unguwa bayani, maza ma an ce su zo. Ɗiyar shugaba an auna ta makon jiya, AS ce. Yaron yana Agadas wurin aiki, ya ce in ya zo hutun salla za a auna shi.